A Rushe Ko A Gyara? Abin da Dogayen Benaye Biyu na Sidni da New York Ke Nunawa

Duk kamfanin da ya mallaki dogon benen ofisoshi a unguwar bankuna, da zarar benen ya kai shekara 40 ko 50, akwai tambayar da take jiran shugabanninsa: a rushe shi a kafa sabo, ko a bar ƙashinsa a tsaye a sake masa jiki? A da amsar ba ta wuce lissafin kuɗin gini da kuɗin haya. Yanzu an sami ma'auni na uku, wato yawan hayaƙin kabon da ginin zai jawo, domin manyan 'yan haya suna tambayarsa kafin su sa hannu, masu ba da rance suna tambayarsa, wasu birane kuma sun fara cin tara a kansa. Akwai gine-gine biyu da suka amsa wannan tambaya ta fuskoki masu karo da juna, kuma dukansu ana tallata su a matsayin masu kiyaye muhalli. Na farko shi ne Quay Quarter Tower da ke tsakiyar Sidni a Ostireliya, wanda aka kammala a 2022. Na biyu sabuwar hedikwatar bankin JPMorgan Chase ce a lamba 270 kan titin Park Avenue a New York, wadda aka buɗe a 2025.

Benen Sidni ya fara rayuwa ne a 1976 da sunan AMP Centre, mai hawa 45 da tsayin mita 188, kuma a lokacin babu wanda ya fi shi tsayi a birnin. Bayan shekara 30 da ɗoriya sai ya zama ba ya shiga kasuwa: faɗin kowane hawa ya yi kaɗan ga kamfanonin zamani, waɗanda suke son tara ma'aikata da yawa a fili ɗaya. Masu shi suka shirya gasar zane, kamfanin 3XN na ƙasar Denmark ya lashe a 2014, ya yi aikin tare da kamfanin BVN na Ostireliya. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a tuɓe wa ginin gilashinsa da bangayensa na ciki da tsofaffin injunansa, a bar ginshiƙai da dabe da kututturen tsakiya, wato ramin kankare mai kaurin bango da ke ɗauke da lifta da matakala. A ƙarshe an riƙe kimanin kashi 65 cikin 100 na tsohon ƙashin, da kusan kashi 95 na kututturen, sannan aka ɗaura sabon gini a gefen arewa mai fuskantar tashar jiragen ruwa, aka kuma ƙara masa tsayi har ya haura mita 200. Faɗin wurin aiki ya ninka, yawan mutanen da benen ke ɗauka ya tashi daga 4,500 zuwa 9,000. Masu zanen sun ƙiyasta cewa abin da aka bari a tsaye ya hana fitar tan 12,000 na iskar kabon.

Wahalar wannan aiki tana wurin da tsoho ya haɗu da sabo, kuma ya kamata mai son bin wannan hanya ya san ta tun da wuri. Kankare ba ya gama zama a ranar da aka zuba shi. Yana ci gaba da tsukewa yayin da yake bushewa, yana kuma matsewa sannu a hankali ƙarƙashin nauyin da aka ɗora masa, har tsawon shekaru. Ginshiƙan 1976 sun riga sun gama wannan motsi, sababbin kuwa yanzu za su fara. Da an ɗinke su tun farko, da sabon ɓangaren ya ja tsohon ƙasa, dabe ya karkace ko ya tsage, kamar yadda sabon yadi da ba a jiƙa ba yake tattare tsohuwar riga a wankin farko. Don haka injiniyoyi suka bar rata tsakanin ɓangarorin biyu, suka dasa na'urorin awo masu yawa a jikin ginin suna bin motsinsa, ba su rufe ratar ba sai da sabon kankaren ya natsu. Kafin wannan ma sai da aka huda tsohon kankaren aka ciro samfura aka gwada ƙarfinsu, domin abin da zane ya ce an zuba shekara 40 baya da abin da magina suka zuba da hannunsu ba lallai su zama ɗaya ba.

Wanda ya kalli benen a yau da wuya ya gane akwai tsoho a cikinsa. An tsara shi kamar akwatuna biyar da aka ɗora bisa juna, kowane an ɗan karkata shi, kuma kowane yana da sarari a buɗe mai ratsa hawa da yawa, wanda ke shigo da hasken rana har tsakiyar ofisoshi. Tagogin suna zaune ne cikin firam masu leƓe a waje, waɗanda ke tare rana kafin ta taɓa gilashi, abin da ke rage wa na'urorin sanyaya wuri aiki. Ginin ya ci kyautar ginin shekara na duniya a 2022.

A New York an bi akasin haka. Tsohon benen da ya kasance a lamba 270 an kammala shi ne a 1960 domin kamfanin Union Carbide, mai hawa 52 da tsayin mita 215, zanen kamfanin Skidmore, Owings & Merrill, inda Natalie de Blois, ɗaya daga cikin mata ƙalilan da ke wannan sana'a a zamanin, ta taka babbar rawa. Ta hanyar haɗewar bankuna ya zama hedikwatar JPMorgan Chase. Bankin ya kashe kuɗi ya gyara shi har ya sami takardar shaidar LEED mafi daraja, wato shaidar da ake ba gine-gine masu kiyaye muhalli, a 2012, amma a watan Fabrairun 2018 sai ya sanar da cewa zai rushe shi. An yi rusau daga 2019 zuwa 2021, hawa bayan hawa, ba tare da nakiya ba, saboda cunkoson unguwar da kuma layukan dogo da ke wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa tashar Grand Central. A lokacin, shi ne bene mafi tsayi da masu shi suka taɓa rushewa da gangan. Wanda ya maye gurbinsa, zanen kamfanin Foster + Partners na Landan, yana da tsayin mita 423 da hawa 60, faɗin cikinsa ya kai wajen murabba'in mita 230,000, an kuma tanade shi domin ma'aikata kusan 10,000.

Wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada, kuma adalci ne a faɗi dalilan bankin. An zana tsohon benen ne domin mutum 3,500, ya wayi gari yana ɗauke da kusan 6,000. A 2017 birnin ya sauya dokar gini ta wannan yanki, ya ba da damar a yi benaye mafi girma ga wanda ya sayi haƙƙin sararin saman gine-ginen tarihi da ba za a ƙara musu tsayi ba, bankin kuwa ya saya, har da na tashar Grand Central. Ɗakunan cinikin hannun jari da takardun kuɗi suna buƙatar fili mai faɗi maras ginshiƙai da rufi mai tsayi, abin da ƙashin 1960 ba zai bayar ba ko da an tuɓe shi tsaf. Sabon benen ba ya ƙona gas ko mai a harkokinsa na yau da kullum, komai da lantarki yake aiki, bankin ya ce wutar daga madatsun ruwa na jihar New York take zuwa, tagoginsa gilashi ne mai rufi uku, kuma an ce kashi 97 cikin 100 na ɓaraguzan tsohon an sake sarrafa su ko an sake amfani da su.

Kafin a auna waɗannan hujjoji dole a raba hayaƙin gini gida biyu. Akwai wanda ake fitarwa kafin ko mutum ɗaya ya zauna a kujera, wajen ƙona dutsen siminti, narkar da ƙarfe, yin gilashi da alminiyom, da jigilarsu. Siminti kaɗai yana jawo kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, ƙarfe ma bai yi nisa da haka ba. Akwai kuma wanda ake fitarwa kowace rana wajen sanyaya wuri da ɗumama shi da haske da lifta da kwamfutoci. Na biyun ana iya rage shi a kowane lokaci, ta sauya injuna ko sauya inda ake sayen wuta. Na farkon kuwa da zarar an zuba kankare ya tafi, ba ya dawowa. A dogon bene kuma mafi yawan wannan kaso yana cikin harsashi da ginshiƙai da dabe, wato daidai abubuwan da aka riƙe a Sidni aka zubar a New York.

A nan ne nake ganin hujjar bankin ta fi rauni. Sake sarrafa ɓaraguzai abu ne mai kyau, amma kankaren da aka niƙa tsakuwa yake komawa, a shimfiɗa a ƙarƙashin titi, ba ya komawa ginshiƙi. Ƙarfen da aka kwashe kuma sai an sake narkar da shi da wuta mai yawa. Adadin kashi 97 yana nuna abin da bai tafi juji ba ne kawai, bai nuna hayaƙin da aka kauce wa ba. Sabon benen ya ci ƙarfe sama da tan 90,000, wani ɓangare saboda tsayinsa, wani saboda layukan dogon da ke ƙasa sun hana a kafa ginshiƙai sai a wurare ƙalilan, har aka tattaro nauyin ginin kan wasu manyan ƙafafu masu bajewa sama, waɗanda suka ɗaga shi kimanin mita 24 daga titi. Tsayi kansa yana da haraji: duk hawan da aka ƙara yana ƙara wa na ƙasa nauyi, yana ƙara ƙarfin iskar da za a tare, yana kuma buƙatar ƙarin lifta da ke cinye filin da ya kamata a zauna. Gyaran da aka yi wa tsohon benen ya bi rusau tun bai cika shekara 10 ba, ke nan hayaƙin da aka kashe a kansa ya tafi a banza.

Maganar wutar madatsar ruwa ma tana buƙatar a tsaya a kanta. Wannan ciniki ne na sayen wuta, ba siffar gini ba ce, kuma tsohon bene da aka sauya wa injuna zai iya sayen irin wutar. Abin mamaki ma shi ne, yadda wutar gari take ƙara tsabta, haka hujjar rusau take ƙara raguwa, domin idan hayaƙin yau da kullum ya kusa zama sifiri, babu rarar da sabon gini zai yi ya biya bashin ƙarfe da simintin da aka kashe a kansa. Masu cewa tsohon gini ba zai taɓa kamo sabo wajen tattalin wuta ba, akwai amsa a cikin birnin na New York kansa. Benen Empire State na 1931 ne, amma a gyaran da aka fara masa wajen 2009 an cire tagoginsa 6,514 an sake haɗa su a wani ɗakin aiki da aka buɗe cikin ginin, an riƙe kusan dukan gilashin da firam ɗin, an gyara injunan sanyi da na lifta, wutar da yake ci ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100.

Duk da haka ba kowane tsohon bene ne zai karɓi irin aikin Sidni ba, kuma wanda ya ɗauka haka zai yi asara. Abu na farko da ke yanke hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin dabe da dabe. Idan ta yi gajarta, babu inda za a bi da bututun iska da wayoyi a kuma bar wa mutane rufi mai tsayin da manyan 'yan haya suke nema, kuma wannan awo ne da ba ya gyaruwa sai an fasa daben. Sai kututturen tsakiya: shin ramukan lifta za su ɗauki ninkin jama'a? A Sidni an warware wannan da lifta mai hawa biyu, wadda ke ɗaukar mutane a bene biyu lokaci guda cikin rami ɗaya. Sai filin da ke gefe. Benen AMP yana da sarari a arewacinsa da za a faɗaɗa, hukumar birnin kuma ta yarda a kwaso damar gini daga filin da ke maƙwabtaka da shi a ɗora masa. Inda babu irin wannan sarari, gyara zai iya kyautata ginin amma da wuya ya ninka shi. Ko da yake akwai wata hanyar, wato ƙari ta sama: a unguwar kasuwanci ta La Défense da ke gefen birnin Faris, wani benen kamfanin inshora na 1974 mai mita 159 an gyara shi tsakanin 2007 da 2011, ya koma Tour First mai mita 231.

Ta fuskar kuɗi da lokaci, gyara ya fi sauƙi a takarda, domin an tsallake rusau da haƙar harsashi, kuma masu aikin Sidni sun ce sun rage watanni da dama. Amma irin haɗarin ne ya bambanta. Mai sabon gini ya san abin da zai zuba, mai gyara kuwa yana buɗe bango ne ya ga abin da ya tarar, ko rodi mai tsatsa, ko sinadarin asbestos mai cutar da huhu da aka yi amfani da shi sosai a gine-ginen wancan zamani, ko ginshiƙin da ba ya inda zane ya ce yake. 'Yan kwangila sun san haka, suna kuma ƙara farashi a kansa, sai dai idan mai gini ya biya kuɗin cikakken bincike kafin a kira su. Haka nan wane ne mai ginin yana da tasiri. JPMorgan Chase gidan kansa ya gina, da kuɗin da aka ce ya kai dala biliyan 3, kuma suna da martaba suna cikin abin da ya saya. Masu benen Sidni haya suke bayarwa, ribarsu tana cikin saurin dawowa kasuwa da yawan filin da za a karɓi kuɗi a kansa. Yawancin masu benaye sun fi kama da na biyun.

Ko wace hanya aka zaɓa, kada a dogara da takardar shaida kaɗai. Benen Bank of America da ke One Bryant Park a New York ya sami shaidar LEED mafi daraja jim kaɗan bayan kammala shi, amma da birnin ya fara wallafa ainihin wutar da gine-gine ke ci, sai aka ga a 2013 cewa yana cikin masu cin wuta da yawa, saboda ɗakunan ciniki cike da kwamfutoci da ba a kashewa dare da rana. Shaidar ta auna zane ne, ba ta auna yadda ake zama ba. Ostireliya ta fi kusa da gaskiya a nan, domin tsarinta na NABERS yana ba da taurari ne bisa takardun wutar da ginin ya ci a shekara, kuma doka ta wajabta a bayyana sakamakon idan za a sayar ko a ba da hayar babban ofis. New York ma ta bi sahu da dokarta mai lamba 97 ta 2019, wadda ta sa wa manyan gine-gine iyakar hayaƙi daga 2024, da tarar dala 268 kan kowane tan da ya haura.

Wannan muhawara tana da wurin sauka a Legas, inda unguwar Marina da titin Broad ke da benaye na shekarun 1960 da 1970, ciki har da NECOM House na 1979 mai mita 160, wasu kuma sun daɗe ba kowa a ciki. Sai dai lissafin can ya ɗan bambanta. Inda janareta mai shan dizal ke riƙe da gini sa'o'i da yawa a rana, hayaƙin yau da kullum da kuɗinsa sun fi nauyi ƙwarai, don haka inuwar taga irin ta Sidni ta fi komai muhimmanci, kuma bangon gilashi tsirara kuskure ne ko a sabo ko a gyararre. Iskar teku mai gishiri tana cin rodi a cikin kankare, benen da ya taɓa gobara kuwa, kamar yadda NECOM House ya yi a 1983, yana buƙatar gwaji mai tsanani kafin a ɗora masa ko da hawa ɗaya.

A ganina, mai bene ya kamata ya fara da zaton cewa zai riƙe ƙashin gininsa, ya bar wa masu son rusau nauyin kawo hujja. Rusau yana da gurbi idan tazarar dabe ta gaza, ko gwaji ya nuna kankaren ya lalace, ko kuma filin yana kan babbar tashar jirgin ƙasa kuma doka ta ba da damar ninka jama'ar da ke aiki a wurin sau biyu ko uku, wanda shi ne mafi ƙarfin abin da za a faɗa don kare benen Park Avenue, tun da ma'aikacin da ya sauko daga jirgi ya taka zuwa ofis ya fi wanda ya tuƙo mota zuwa bayan gari sauƙin hayaƙi. Amma wannan hukunci ba a yanke shi da hoton da mai zane ya nuna a ɗakin taro. Kafin a kira gasar zane, a fara biyan injiniya ya ciro samfurin kankare ya auna kowane hawa, sannan a buƙaci kowane kamfanin zane ya kawo tsari biyu a kan fili ɗaya, na gyara da na sabo, kowane da lissafin hayaƙinsa na gini da na zama har shekara 50 ko 60, a raba shi kan yawan mutanen da za su yi aiki a ciki. A kwangilar kuma a rubuta adadin wutar da ginin zai ci a shekara, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai mitar wuta ta tabbatar da shi bayan 'yan haya sun shiga.